Goron da Ya Bushe a Aljihun Tebur

Akwai wani ɗan Zangon Kumasi da ake kira Gafaru, mazaunin Morris Heights, can cikin Bronx. Ba malalaci ba ne, wannan kam ba wanda zai ɗora masa. Tun yana yaro hannunsa ke cikin rediyo da wayoyi, ya kwance ya ɗaura, har ya yi karatun lantarki kafin ya tsallako Amurka.

Da ya zo, tasi ya fara ja. Wurin kwanansa kuwa gidan Mma Tahiratu ne, ƙawar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ita aikin kula da tsofaffi take yi a gidajen mutane, ranar Asabar kuma ta dafa shinkafa da wake ta sayar. Ta ware masa lungu guda a falonta, tsakanin firji da gangunan da take tara kayan aikawa gida. Nan ya kafa teburinsa.

A shekarun nan ne wutar lantarki ta addabi mutanen gida. A kawo, a ɗauke, a kawo, a ɗauke, har 'yan Gana suka raɗa mata suna dumsor. Duk wanda ya aika wa ɗan'uwansa kwamfuta daga nan, ba ta daɗewa. Ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, ko zafi ya dafa ta.

Gafaru ya duƙa a lungun nan ya haɗa tasa. Ƙarama ce mai kauri, ba ta da kyan gani, kamar an yanko bulo an manna masa gilashi. Amma batirinta na wuni bai mutu ba, zafi ba ya damunta, in wuta ta yi tsalle sai ta shanye. Ya sa mata suna Juriya. A ƙasan kowace ɗaya ya rubuta lambar wayarsa da hannunsa.

To, ya iya haɗawa, amma bai iya sayarwa ba. In ya buɗe baki sai ya shiga bayanin wayoyi da ƙarafa har mai saye ya yi hamma ya tafi.

A masallaci ya haɗu da Hamidou, wani ɗan Tawa ta ƙasar Nijar, mai 'yar rumfa a Canal Street, wani titin kasuwa a Manhattan. Caja yake sayarwa, da tabarau, da jakunkuna, da agogo. Ya girmi Gafaru nesa ba kusa ba. Ya juya abin nan a hannunsa, ya auna nauyinsa.

"Injiniya, mi ne wannan? Bulo kake saidawa?"

"Yaya Hamidou, kwamfuta ce."

"To kawo ta. In tana aiki, ni na san bakin da zan saida ta da shi."

Ga yadda ya yi. Sai ya jona ta da wuta a gaban rumfa, ya kunna kokawar gargajiya, ya ƙure murya. In mutanenmu sun taru, an zo daidai inda za a yi kaye, sai ya fizge wayar daga bango ya ɗaga ta sama, ya daka tsawa: "An ɗauke wuta!"

Kokawa ta ci gaba abinta.

Sai dariya ta ɓarke. 'Yan Gana su ce, "Ei! Dumsor ta ji kunya yau!" Kafin a watse, wani ya ce a ajiye masa guda.

A ɗaya gefen kuma Mma Tahiratu ce. Duk matar da za ta rufe gangar aikawa gida sai ta ji daga bakinta. "Kin sa shinkafa, kin sa mai, kin sa takalma. Yaron nan naki mai karatu fa, me kika sa masa?" Haka Juriya ta riƙa tafiya tsakanin buhun shinkafa da zannuwa. Duk wadda ta sauka a Nima ta birnin Akara ko a Maraɗi sai ta jawo 'yan'uwanta, don maƙwabta sun gani da idonsu. In wani abu ya rikice, a juya ta, a kira lambar. Gafaru ya ɗauka ko yana bisa sitiyari, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a yi maganar gyara.

Ba allon talla, ba rediyo. Baki ne da ƙafa da ganga.

Abu ya yi albarka. Ya ajiye tasi, ya kama wani ɗakin ajiya a unguwar Soundview, nan cikin Bronx, ya mai da shi wurin aiki. Wata jaridar masu harkar na'ura ta rubuta labarinsa. Daga nan wayoyin manya suka fara shigowa.

Gafaru ya zana sabuwar Juriya, siririya, mai sheƙi. Masana'antar da za ta ƙera masa a can Asiya ta ce ba ta kunna injinta don 'yan ƙalilan, sai dai da yawa a tashi ɗaya. Wannan kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Dole sai da masu zuba jari, wato masu dukiyar da ke sa ta a kamfanin wani su jira riba. Ya riga ya zuba duk abin da ya mallaka a zanen nan. In suka shigo, kamfani ya tashi. In ba su shigo ba, ya zauna.

Sai ya ɗauki wani mai ba da shawarar talla, ya kama ofis a wani dogon bene a Manhattan, mai bangon gilashi. Mai shawara ya ce sunan Juriya yana da wuyar faɗi, aka musanya shi da wani na Turanci wanda harshen tsohuwa ke tuntuɓe a kai. Ya ce lambar hannu a ƙasan kaya ba tsari ba ne, aka sa ta kamfani, wadda in ka kira wata murya za ta ce ka danna ɗaya, ka danna biyu. Gafaru ya canja har wayar aljihunsa. A katinsa kuma aka buga Jeff.

Wai Jeff. Yaron da aka yanka wa rago.

Ya tashi daga gidan Mma Tahiratu ya kama ɗaki shi kaɗai kusa da ofis. Ɗaki mai tsabta, ba ƙanshin miya, ba takalman kowa a ƙofa. In ya dawo, ba mai ce masa sannu da zuwa. A tsaye yake cin abinci daga cikin kwali, yana kallon tagogin maƙwabtan da bai san sunansu ba. Juma'a ta zo ta wuce, ya yi azahar a gurguje a bayan kwalaye, ya ce mako mai zuwa zai je Bronx. Wani lokaci sai ya tsinci kansa yana yi wa kwamfutar magana da Hausa, don ya kwana biyu bai ji ta a bakin kowa ba.

Yana jin kaɗaicin. Sai dai ya ɗauka haka girma yake.

Ran nan ya sauka Canal Street da kwat ɗinsa. Hamidou ya taso da murna ya jawo masa kujera.

"Injiniya! Ka ɓace mana. Zauna a kawo shayi."

"A'a Yaya, sauri nake. Magana ce guda. Daga yau a sauke ta daga rumfa."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Tsarin talla ne ya canja. In masu zuba jari suka ga kayana kusa da tabarau da jakunkunan titi, darajar sunan za ta faɗi."

Hamidou ya dubi tabarau ɗinsa. Ya dubi kujerar da ba a zauna ba.

"Bon," ya ce. "Kayanka ne." Ya haɗa masa sauran a kwali. Ya dafa tsohuwar Juriyar da yake talla da ita. "Wagga kam tawa ce, na saye ta tun farko, ita da 'yar'uwarta da na aika ma tsohuwata a Tawa. Ko ita ma darajar za ta hana?"

"Riƙe ta," in ji Gafaru, bai kalli idonsa ba.

Cikin masu jarin da suka saurare shi, mace guda ce ta tsaya da gaske, ana kiranta Misis Dalton. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da yawan murmushi, amma ba ta da wulaƙanci. Gafaru ya haska mata hotuna a bango, ya nuna mata taswirar Afirka ta Yamma da kibiyoyi, ya ce nan da 'yan shekaru kowane shago daga Akara zuwa Yamai zai mallaki guda. Ta bar shi ya gama.

"Na'urarka na yarda da ita," ta ce. "Amma manyan kamfanoni za su iya kwaikwayonta gobe. Abin da ba za su iya kwaikwaya ba shi ne abin da ka gaya min da bakinka, cewa mutanenka na nan birnin su ne ke ɗaukar ta su kai gida, su ne tallarka. To, ban ga ko mutum ɗaya ba. Hotuna na gani. Tara min su a ɗaki guda in ga fuskokinsu, in ji su da kunnena. In na gani, na shigo."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Gafaru.

Aka sa rana, wata Asabar cikin Oktoba. Ya kama zauren taro a ƙasan benen ofishinsa, aka yi odar kujeru jeri-jeri, da 'yan ƙananan abincin nan da ake tsirewa da tsinke. Mai shawara ya ce gayyata ta imel za a yi, da Facebook. Kowa ya shiga ya yi rajista, a turo masa tikiti a waya, mutum ɗaya tikiti ɗaya, ban da yara.

Shi mai shawara ba shi da laifi, iyakar saninsa ke nan. Gafaru ne ya sani. A Zango ya tashi. Ya san in kana son jama'a a sha'aninka, goro kake saye, ka ƙulla, ka taka da ƙafarka. Ka hau bene, ka yi sallama, ka durƙusa wa babba, ka tambayi gida da yara da mai jiki, sannan ka ajiye goro ka faɗi abin da ya kawo ka. Wanda ya karɓi goronka ya ɗauki nauyi, ko ana ruwa sai ya zo. Kuma ba a ce wa mace ta zo ta bar goyonta.

Duk ya sani. Amma ya ji nauyin ya tsaya gaban mai shawara yana bayanin goro. Ya kuma ji nauyin ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, da idanun da za su ce masa, yau ka tuna da mu? Maɓalli ba ya kallon mutum. Sai ya danna maɓalli.

Kashegari wayar aljihunsa ta yi ƙara. Mma Tahiratu ce, ita kaɗai ya ba sabuwar lambar.

"Gafaru, jikata ta karanta min wani abu a waya, wai daga gare ka. Wai in yi rajista. Ni? Zaɓe ake yi ko asibiti za a kwantar da ni?"

"Mma, gayyata ce. Haka ake yi yanzu."

"Ƙafafunka sun karye?"

"Mma, ba ni da lokaci ne wallahi."

"Yoo. Na ji. Ka ga Hamidou kuwa? Akwai maganar da..."

"Mma, ana jirana a miting. Zan kira ki."

Ya kashe.

Bayan 'yan kwanaki, yana zaune da mai shawara suna zaɓen launin allon talla, ya ɗaga kai ya hango ta gilashi. Hamidou ne a gaban sakatariya, da jamfarsa ta Juma'a da hularsa, da wata baƙar leda a hannu. Mutumin da ba ya rufe rumfa ko ana dusar ƙanƙara, yau ya rufe ta da rana tsaka ya hau bene.

Sakatariya ta shigo ta ce wani mutum yana nemansa, amma ba shi da appointment, wato ba a sa masa lokacin ganawa ba.

"Ki ce ina miting."

Hamidou ya zauna a kujerar baƙi, ledarsa a cinya. Ya daɗe. Gafaru ya juya kujerarsa ya ba gilashi baya. Da la'asar ta kawo jiki, Hamidou ya miƙe, ya miƙa wa yarinyar ledar da hannu biyu, ya yi mata bayani da Turancinsa na kasuwa, ya tafi.

"Ya ce matarsa ta haihu," in ji sakatariya. "Ya ce ka neme shi, akwai magana mai muhimmanci. Ya kuma bar maka waɗannan 'ya'yan itacen."

Gafaru ya ce a ransa, ko gudummawa yake nema, ko so yake a mai da masa kaya rumfa. Bayan taro na neme shi. Ya jawo aljihun tebur, ya jefa ledar, ya tura.

Asabar ta zo.

Zaure ya yi kyau, ba ƙarya. Fitilu, furanni, sabon suna a rubuce da manyan haruffa. Misis Dalton ta iso kafin lokaci da abokan aikinta, suka zauna a layin gaba. Gafaru ya tsaya a ƙofa da murmushi, yana gyara wuyan riga.

Lokaci ya yi. Ba kowa.

Ya leƙa titi. Ya dawo. Ya sake leƙawa. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙa wuya, ta wuce. Wasu ɗalibai suka shigo don sun ga an rubuta akwai abinci, suka cika faranti suka koma can baya. Wani dattijo ya leƙo, ashe ɗakin ya ɓace masa.

"Mutanenmu ba sa zuwa a kan lokaci," Gafaru ya ce wa Misis Dalton, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Kun ji fa. Su ne ma masu laifin.

Ta ce ba komai, za ta jira. Ta kuwa jira, fiye da yadda irinsu ke jira.

Daga ƙarshe ya hau dandamali ya yi jawabinsa ga bayan kujeru. Muryarsa na tafiya ta bugi bango ta dawo masa. Da ya zo ƙarshe, ya kama wayar wutar ya fizge ya ɗaga ta sama, yadda ya sha ganin Hamidou na yi. Allo bai mutu ba. Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ce ei. Ƙarar farantan ɗaliban nan kawai ake ji.

Misis Dalton ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ka yi aiki mai kyau a na'urar nan," ta ce. "Amma kuɗin da nake juyawa na mutane ne, amana ce. In jama'arka ba su hau jirgin ƙasa daga Bronx dominka ba, ni ba zan tsallaka teku da amanar mutane a kan maganarka ba. Ina yi maka fatan alheri."

Ta ba shi hannu, ta fita. Mai shawara ya ce ranar Litinin za a duba inda tsarin ya sami tangarɗa, shi ma ya fita. Ma'aikatan zaure suka fara naɗe kujeru, ƙaf, ƙaf, ƙaf, kujerun da ko ɗuminsu ba a ji ba.

Gafaru ya hau ofis. Ba kowa, ranar hutu ce. Kansa na sarawa. Ya jawo aljihun tebur yana neman maganin ciwon kai, hannunsa ya faɗa kan baƙar leda.

Ya kwance ta.

Goro ne da alewa. Ɗan Kumasi ba a koya masa goro. Kallo ɗaya ya san an zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya, manya, farare, irin wanda ake kai wa mutumin da ake ganin girmansa. Zafin ofis ya busar da su. Sun yamutse, sun yi duhu, alewar ta narke ta manne a jikinsu.

Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa. Sannan ya kira Mma Tahiratu. Da ta ɗauka sai hayaniya ta cika masa kunne, muryoyin mata, kukan jarirai, wani na ta kiran a ƙaro faranti.

"Mma, ina kuke? Ba wanda ya zo."

"Ina kake so mu kasance? Muna walimar sunan ɗiyar Hamidou. An raɗa suna tun ranar bakwai, taron aka ajiye sai yau da kowa ke hutu. Ba a kai maka goro ba?"

Ya dubi goron da ke hannunsa.

"Zauren saman masallacinmu," ta ce. "In ba ka manta hanya ba."

Ya sa goron a aljihun kwat, ya shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu. Har jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, bai ɗaga kai ba.

Tun daga matakala ya fara tsallake takalma. Kekunan jarirai sun toshe hanya. Ƙanshin jalof da dambu da soyayyen nama ya tare shi. Da ya kai ƙofa ya tsaya cik.

Zaure ya cika har ba wurin sa ƙafa. 'Yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya. Direbobin tasi, matan da ke aikin kula da tsofaffi, masu shaguna, masu rumfunan Canal Street kusan gaba ɗayansu. Duk wanda ya taɓa sa Juriya a ganga ko a akwati yana ɗakin nan, da matarsa da 'ya'yansa.

A gaba an kafa babbar talabijin, an jona ta da tsohuwar Juriyar nan ta rumfa, mai kama da bulo. A cikin talabijin ga wata tsohuwa zaune a tsakar ɗakinta a Tawa, mahaifiyar Hamidou, tana kallo ta tata Juriyar. Maijego Ramatou, matar Hamidou, ta ɗaga jaririya saitin allo.

"Inna, ga Raudatu! Kin gan ta?"

Tsohuwa ta matso da fuska tana sa albarka. Can gida duhu ya riga ya yi. Ana cikin haka sai ƙwan fitilar da ke bayanta ya mutu, ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Fuskarta kaɗai ta rage, hasken allo na haska ta, bakinta bai daina addu'a ba.

Wani daga baya ya daka tsawa: "An ɗauke wuta!"

Zaure gaba ɗaya ya amsa: "Juriya na nan!"

Dariya, tafi, guɗa. Wata mata kusa da ƙofa ta ce wa ƙawarta, "Ni fa biyu na aika Nima, har yau ko tari ba su yi ba." Ƙawar ta ce, "Ni nema nake, an ce mai yin ta ya zama Bature."

Ba su lura da shi ba. Waɗanda suka lura kuma suka ce, "A'a, Oga Jeff, sannu," suka mai da kai ga farantinsu.

Hamidou ya ratso jama'a ya zo, babbar rigarsa na ja da ƙasa.

"Injiniya. Goron ya iske ka ke nan."

"Yaya Hamidou, Allah ya raya."

"Amin. Taho ka gani."

Ya ja hannunsa har gaba, kusa da talabijin. Ga wani tebur an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jawo masa wayar wuta, an jera kujeru a bayansa. Duk cunkoson ɗakin nan, mutane na tsaye da faranti a hannu, ba wanda ya zauna a wurin.

"Teburinka ne," in ji Hamidou. "Tun da safe na hana kowa. Da Mma ta hwaɗa mini ranar taronka ta zo ɗaya da tamu, na ce to, mi za ya kai shi hayar ɗaki? Ga mutane Allah ya tara. Shi zo da sabuwar tashi da baƙin nashi, su zauna nan su ci abinci, su gani da idonsu. Abin da ya kai ni wurinka ke nan."

Gafaru ya dubi teburin, ya ce:

"Da ka kira ni a waya..."

"Na kira. Wata mata ta ce in danna ɗaya, na danna. Ta ce in danna biyu. Mma ta ce ta ba ni lambar aljihunka, na ce a'a, bar shi. Irin wagga magana ba a aiko ta. Takawa ake."

Gafaru ya juya da sauri ya fita matakala, ya tsaya cikin takalman mutane ya kira Misis Dalton. In ta zo yanzu, in ta ga rabin wannan ma ya isa. Wayar ta yi ta ƙara. Sai wata murya ta ce ya bar saƙo bayan ƙarar.

Ya bari. Ya sake kira, ya sake bari.

Da ya dawo ya tarar da Mma Tahiratu tsaye a bakin teburin da faranti.

"Mma, da ba don ranar ta zo ɗaya ba..."

"Kada ka ɗora wa jaririya. Ko ba suna, wa ka gayyata? Waya ka gayyata. Sai ka jira waya ta sa zane ta zo." Ta dire farantin. "Zauna ka ci. Abinci bai yi maka laifi ba."

Ya zauna. Shi kaɗai a dogon tebur mai farin ƙyalle, kujeru wayam dama da hagu, jama'a na ta sha'aninsu a kewaye da shi. Bai iya taɓa shinkafar ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro guda, ya ɓanɓare alewar da ta manne, ya kai baki. Ya yi tauri kamar itace, ɗacinsa har maƙogwaro. Ya tauna shi a hankali har ya haɗiye.

Ranar Litinin ya je ofishin Misis Dalton da ƙafarsa. Sakatariyarta ta tambaye shi ko yana da appointment. Ya zauna a kujerar baƙi har aka tashi.

Kada ku tambaya ko daga baya ta dawo. Ba ta dawo ba. Ta kai jarinta wani wuri, kuma ba ta zalunce shi ba. Siririyar nan mai sheƙi ba a taɓa ƙera ta ba. Ofishin gilashi ya koma hannun masu shi. Kafin ya farfaɗo, masu araha daga manyan kamfanoni sun cika kasuwar gida.

Ya koma ɗakin ajiyarsa na Soundview. Yana haɗa 'yan kaɗan da hannu, irin tsohuwar mai kaurin nan, yana rubuta lambarsa a ƙasa. Hamidou ya mai da guda rumfa, amma bai sake jawo masa kujera ba sai da aka shekara.

In an sauko Juma'a a Morris Heights, akan ga wani mutum da leda a hannu yana hawa benayen mutane, yana tsayawa a ƙofa yana sallama. Wasu ƙofofin nan da nan ake buɗewa. Wasu sai ya daɗe a tsaye.

Yana tsayawa.

Darasi: Mutanen da suka ɗauki kayanka a ka lokacin da ba ka da suna, su ne jarinka na gaskiya, kuma mai kuɗi ma su yake nema kafin ya dube ka. Kada ka ji kunyarsu, kada ka aika musu saƙo a inda ya kamata ka taka da ƙafarka. In wani ya rufe sana'arsa ya hau bene ya kawo maka goro, tashi ka tarbe shi tun goron na ɗanye. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, musamman waɗanda Allah ya fara ɗagawa. In kun tura kuma, ku tashi ku je ku gaishe su.